Sabon girki a murhun itace: awara, kek ɗin tukunya da garin waken suya

Ummi, Jahun:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Masu koyar da girki a waya kusan dukkansu da gas da obin da sikeli suke aiki, mu kuwa a ƙauye murhu ne da kara da itace, awonmu gwangwani da ludayi. Abu uku nake roƙon a warware mana: awarar da ke ƙin haɗuwa ko ta fito da gafi, kek ba tare da obin ba, da yadda za a sa garin waken suya a tuwo ko kunu ba tare da mutanen gida sun ture kwano ba. Don Allah a faɗi awo, kada a ce mana "daidai misali".

Hajiya Asabe, Ringim:
Wa alaikumussalam Ummi. Kin kama bakin zaren da kika ce awo. Ki bar mudu da kwano a wajen sayayya, domin mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, wani ma an bubbuge masa gindi. Ki samu gwangwanin madarar ruwa guda ɗaya, ki yanke bakinsa tas, ki ajiye shi don awo kaɗai. Idan an cika shi an shafe baki, yana ɗaukar fulawa kusan giram 100, sukari kusan giram 140, ruwa kuma ya ɗan haura mililita 150. Da wannan za ki iya juya duk abin da aka faɗa da giram. Kada ki danna fulawa a ciki, ki zuba da cokali ki shafe da bayan wuƙa. Wadda ta danna ta ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ta sani ba, daga nan taurin kek yake farawa.

Inna Talatu, Bichi:
Kafin a shiga awo, 'yan nan, a san lokacin gwaji. Ba a gwada sabon abu ranar girkinki a gidan yawa, ba a gwada shi ranar da baƙi za su zo, ba a kuma gwada shi da kwano guda na hatsi. Gwangwani 2 ya isa. In ya yi, yara su ci da la'asar, in bai yi ba asarar ba ta taɓa rumbu ba. Kuma in za ki gyara, abu ɗaya za ki canza a kowane karo. Wadda ta canza wuta da ruwa da awo a lokaci guda ba za ta taɓa gane wanne ne ya ɓata mata ba.

Maman Sadiya, Gezawa:
Allah ya ƙara girma, Inna. Bari in ɗauki awara.

Waken suya gwangwani 4. A tsince tsakuwa da baƙaƙe da masu huji. In za a ɓarza shi a busasshe a sheƙe ɓawon, ya fi, awarar ta fi fari kuma jiƙon ya fi sauri. Da zafi awa 5 zuwa 6 ya isa jiƙo, da hunturu sai ya kwana. Alamar ya jiƙu: ki raba ƙwaya biyu, in cikin ya yi sumul babu ɗan rami mai duhu a tsakiya, ya yi. Idan ruwan jiƙon ya fara kumfa yana tsami, an wuce, irin wannan madararsa takan tsinke tun kafin ta tafasa, awarar ta fito ɓurɓushi-ɓurɓushi ba auki.

A wanke, a kai markaɗe ya yi laushi sosai. Ruwan da za a tace da shi duka-duka babbar gorar ruwa mai lita 1 da rabi sau 3, wato lita 4 da rabi. Kada a zuba shi gaba ɗaya. A raba uku, a tace sau uku a ƙyallen tata, har dusar ta daina fitar da farin ruwa. Cokali ɗaya na manja a cikin ƙullun kafin tata yana kwantar da kumfa.

Tukunya ta zama babba, madarar kada ta wuce rabinta, don tana tasowa farat ɗaya. In ta tafasa a bar ta tana tafasa minti 10 ana juyawa har ƙasa. Gafin da kike ji, Ummi, yawanci daga nan yake: ana ganin ta taso sai a zuba ruwan tsami, alhali waken bai dahu ba. Ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, zafi ne ke kashe shi, shi ya sa awarar da ba ta dahu ba take kumbura ciki.

Bayan minti 10 ɗin a zare itacen, a bar tafasar ta kwanta kamar minti 3, sannan a riƙa zuba ruwan tsami ludayi-ludayi, ana zagaya tukunya, ana ɗan motsawa sau ɗaya a tsaya. Za ki ga fari yana tattaruwa, ruwan gefe yana komawa garau mai ɗan rawaya. Da zarar ya yi garau a daina. In har yanzu fari ne kamar madara, da saura. In aka zarce, awara ta yi tsami ta yi tauri ta kuma ragu.

Anti Balaraba, Ɗambatta:
Maman Sadiya, duk na yarda sai zancen ruwan tsami. Ruwan gasarar da ya kwana ba shi da tabbas, yau ƙarfinsa daban gobe daban, mai koyo ba za ta iya auna shi ba. Masu sana'a da yawa alimun suke sakawa, ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa biyu a jiƙa a gwangwanin ruwa, nan take ta haɗe kuma ta yanku da kyau.

Maman Sadiya, Gezawa:
Tana haɗewa, Anti, amma ki ɗanɗana ta kafin a soya. Alimun yana barin bauri a harshe, kuma awararsa ba ta da laushin ta ruwan tsami. Abin da yara za su riƙa ci kullum ban ga dalilin sa masa alimun ba alhali ga abin da ya fi shi a tsakar gida. In rashin tabbas ne matsalar, lemon tsami 5 zuwa 6 a matse a gwangwani 2 na ruwa ya isa wa waken gwangwani 4, kuma shi ma ba duka za a juye ba, ido ne zai ce ya isa.

Hajiya Asabe, Ringim:
Tsamiya ma tana yi, sai dai tana rage mata haske. Mafi arha shi ne ruwan awarar kansa. Wanda ya tsiyayo daga buhu a tara shi a roba mai murfi, ya kwana 2 ya yi tsami, shi za a yi ta gaba da shi. Abin da ba a so ya kusanci tukunyar awara shi ne kanwa. Ita kishiyar tsami ce, ko muciyar da aka tuƙa abu mai kanwa aka sa ba a wanke ba, sai ki yi ta zuba ruwan tsami madara tana kallonki.

Malam Sani mai inji, Kura:
Salamu alaikum iyaye mata, ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren inji. Rabin awarar da ba ta auki daga markaɗe ne. Idan ƙullun yana da tsaki-tsaki a tsakanin yatsu, madarar tana nan cikin dusa za a zubar. Ku ce a maimaita sau biyu, ku kuma ce a ɗauraye inji kafin a zuba, musamman in an riga an markaɗa tattasai ko gero mai citta da kanumfari. Ku aiko da sassafe. Ƙullun waken suya da ya zauna a layi cikin rana awa 2 ya fara lalacewa tun kafin ya koma gida, kuma yaron da aka aika ba zai faɗa muku ba.

Ummi, Jahun:
Na gode Malam. Yaya Maman Sadiya, saura matsewa. Me ke sa ta sha mai ko ta farfashe a kasko?

Maman Sadiya, Gezawa:
Ruwa ne bai fita ba. Idan ta tattaru a kwashe da matsami a zuba a ƙyalle ko wankakken buhu tun da zafinta. A nan ake sa gishiri da dunƙule da jajjagen attaruhu da albasa, a cakuɗa sama-sama. A ɗaure tamau, a ɗora a kan abu mai faɗi, a danne da dutse ko bokitin ruwa minti 40 zuwa awa 1. Wadda ta huce kafin a ɗaure ba ta manne wa juna. Wadda aka danne rabin yini kuma ta zama roba. Wajen suya mai ya yi zafi sosai, a gwada da ɗan yanki, in ya taso nan take yana ƙara to ya yi. Kada a cika kasko, kada a juya sai gefe ɗaya ya yi ja.

In ana son sabon salo: a soya ta sama-sama, a yi sos na albasa 2 da tattasai 3 da tumatir 2, a zuba awarar ta yi minti 5 a ciki ta sha romo. A kan shinkafa ko dambu tana tsayawa a madadin nama. Ko kuma kafin a matse a ɗebi ludayi 4, a fasa ƙwai 2 a ciki da ɗan dafaffen kifi, a zuba a gwangwanaye da aka shafa wa mai, a turara minti 20 kamar alala.

Malama Hauwa, Birnin Kudu:
Kada a zubar da dusar. Da zafi awa kaɗan take yi ta yi wari, don haka a soya ta a busasshen kasko a kan wuta kaɗan har ta yi wara-wara, sai a sa ludayi 1 cikin ludayi 4 na tsakin dambu. In ba za a ci ba, a dafa ta a ba kaji ko awaki.

Zancen gari kuma, Ummi, hanyarsa daban da ta awara, a nan mutane ke ruɗewa. Ba a jiƙa shi a ruwan sanyi. Warin nan da ke sa a ƙi tuwon yana tashi ne lokacin da fasasshen ɗanyen wake ya haɗu da ruwan sanyi. A tafasa ruwa tukuna, a zuba tsintaccen waken a busasshensa kaɗan-kaɗan yadda tafasar ba za ta mutu ba, ya yi minti 25 zuwa 30. A tsame, a murje ɓawon a cikin ruwa ya taso a zubar, a shanya a tabarma kwana 2 zuwa 3 har in an ciza ya ce ƙaras. A ɗan soya shi a kasko ya yi ƙamshi, kada ya yi duhu.

Waken suya yana da furotin kashi 35 zuwa 40 cikin 100, waken gida bai kai haka ba, ga mai kusan kashi 20. Don kunun yara daga wata 6 zuwa sama, gwangwani 1 na waken suya cikin gwangwani 3 na gero ko dawa ko masara. A tuwo kuwa kada a fara da haka. Kusan ba shi da sitaci, don haka yana rage wa tuwo danƙo, malmala ta ƙi tsayawa. A fara da 1 cikin 6, a yi mako 2 a haka, sannan a koma 1 cikin 5. Da miyar kuka mai daddawa ba mai ganewa.

Malam Sani mai inji, Kura:
Malama ta yi daidai, in ƙara ɗaya. Kada ku kawo waken suya zalla a niƙa. Maiƙonsa yana liƙe wa inji, gari ya fito da dunƙule-dunƙule. Ku haɗa shi da masarar ko dawar tun a gida, a niƙa tare. Kuma ku niƙa na mako 2 zuwa 3 kawai, domin gari mai maiƙo yana saurin canza wari.

Inna Talatu, Bichi:
Ni dai ban goyi bayan a ɓoye wa maigida abin da aka sa a tuwo ba, Hauwa. A gaya masa. Akwai wanda cikinsa ba ya karɓar waken suya, akwai yaron da zai yi ƙuraje ko ƙaiƙayi. In an sani, an san abin da za a janye.

Malama Hauwa, Birnin Kudu:
Gaskiyarki Inna, ba ɓoyewa nake nufi ba, ɗanɗano nake nufi. Yaro ma ranar farko cokali 2 ko 3 za a ba shi a duba jikinsa.

Hajiya Asabe, Ringim:
To, kek. Wannan wuta ce gaba ɗayansa, kwaɓin ba shi da wuya.

Bota leda ɗaya mai giram 250, sukari gwangwani 1 da rabi, ƙwan gidan gona 5, fulawa gwangwani 3, bakar hoda ƙaramin cokali 2 a shafe, madara rabin gwangwani. Ƙwan kajin gida ko na zabi ƙanana ne, sai a sa 7. Da damina ƙwan zabi ya fi samuwa kuma yana yin kek mai kyau, sai dai kowanne a fasa shi a kofi daban kafin a juye, ɗaya ya isa ya ɓata kwaɓi duka. Wanda ya taso a saman ruwa in an tsoma shi, a jefar.

A buga bota da sukari da muciya a roba har ya yi fari ya yi sauƙi, da hannu minti 15 ne ko fiye. Wannan bugun shi ke shigar da iska, kuma a nan ake ha'inci. A sa ƙwai ɗaya-ɗaya, kowanne ya ɓace kafin na gaba. A tankaɗe fulawa da bakar hoda tare, a zuba sau uku ana juyawa a hankali. Daga lokacin da fulawa ta shiga an gama bugu. Wadda ta ci gaba da bugu za ta samu abu mai danƙo irin na burodi.

Tukunyar gashi ta zama tsohuwa mai kauri, wadda aka haƙura da ita. A zuba rairayin rafi wankakke busasshe, kaurin yatsa 2. A rufe a ɗora a wuta minti 15. A jera ƙananan duwatsu 3 ko murfin langa a kan yashin, gwangwanin kek ya zauna a kai. In aka binne gindinsa a yashi, ƙasa ta ƙone tsakiya tana ɗanya. Kara ba ya yin wannan aiki, harshen wutarsa yana tashi ya mutu nan da nan. Garwashin itace ko gawayi ake so, kaɗan a ƙasa, wanda ya fi yawa a kan murfi. Don gwada zafi a barbaɗa fulawa a murfin gwangwani a sa ciki: in ta yi ruwan ƙasa cikin minti 2 zuwa 3 ya yi, in ta yi baƙi kafin minti 1 a rage garwashi.

A shafa wa gwangwani bota a barbaɗa fulawa, a zuba kwaɓi rabi ko ya ɗan haura. Ƙananan gwangwanaye minti 20 zuwa 25, langa guda minti 45 zuwa awa 1. Ba a buɗe murfi a minti 15 na farko. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya gasu.

Anti Balaraba, Ɗambatta:
Hajiya, gishiri fa a madadin yashi? Ya fi tsabta, kuma ba ya warin ƙasa.

Hajiya Asabe, Ringim:
Yana yi, kuma ana maimaita shi sau da yawa. Illarsa yana cin tukunyar alminiyam in ya kwana a ciki ya ja danshi, sai a juye shi bayan an gama. Warin ƙasa kuwa na yashin da bai bushe ba ne, ko wanda aka ɗebo a tsakar gida.

Ummi, Jahun:
Hajiya, wanda yake tashi da kyau sannan ya lotsa a tsakiya fa? Da wanda yake ɗaci?

Hajiya Asabe, Ringim:
Lotsawa: an buɗe da wuri, ko bakar hoda ta yi yawa, ko wutar sama ta mutu a rabin hanya. Ɗaci da ɗanɗanon sabulu: an sayo miki soda a madadin bakar hoda, a ƙulle a leda kamanninsu ɗaya. Soda ta fi ƙarfi nesa, kuma sai da abu mai tsami kamar nono take aiki. Don gwadawa, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi. Bakar hoda mai rai za ta yi kumfa sosai nan take. In ta yi shiru ko ta yi ɗan ƙwal-ƙwal kawai, ko ta mutu ko ba ita ba ce.

Malama Hauwa, Birnin Kudu:
Gargaɗi kan gwangwanaye, don abin yana faruwa a ƙauyukanmu. Na madara da na tumatir kawai, a cire takarda a wanke a shanya, mai tsatsa a jefar. Gwangwanin fenti da duk wani mazubin maganin feshi ko maganin ƙwarin hatsi ba ya shiga kicin ko an wanke shi sau goma. Alala ma gwangwani ko ganye ya fi leda.

Maman Sadiya, Gezawa:
Wadda bota ta yi wa tsada: mangyaɗa gwangwani 1, ƙwai 4, kindirmo gwangwani 1, sauran awo kamar na Hajiya. A nan ƙwai da sukari ake bugawa har su yi kumfa, sannan mai ya shiga a siririce. A fara soya man da albasa? A'a, wannan na miya ne. A ɗora shi kawai ya yi zafi da ɗan ɓawon lemon zaƙi, ya huce, ƙamshin gyaɗar zai ragu. Soyayyen man shanu ma yana yi, amma shi mai ne zalla ba ruwa a cikinsa, sai a rage kashi ɗaya cikin biyar na awon bota a ƙara madara cokali 3.

Anti Balaraba, Ɗambatta:
Tunda fulawa ta yi tsada, ga wani fanke da ya cancanci gwaji. Dankalin Hausa, musamman mai jan ciki kalar lemo wanda ma'aikatan gona ke yaɗa irinsa saboda bitamin A. A dafa shi da ɓawo, a ɓare, a daka ya yi sumul. Gwangwani 2 na dakakken cikin fulawa gwangwani 4, yis ƙaramin cokali 1 da rabi, sukari rabin gwangwani kawai don dankalin da zaƙinsa, gishiri kaɗan. Ruwa a rage, dankalin ya riga ya kawo nasa. Ruwan kwaɓi ya zama mai ɗumin da yatsa zai zauna a ciki, mai zafi yana kashe yis. Da zafi minti 45 ya tashi, da hunturu a rufe a ajiye kusa da murhu awa 1 da rabi. Fanken yana saurin yin ja saboda zaƙin dankali, don haka wutar ta fi ta fanken yau da kullum sauƙi, in ba haka ba waje ya yi duhu ciki bai soyu ba.

Inna Talatu, Bichi:
Balaraba, in aka wuce kashi ɗaya cikin uku fa?

Anti Balaraba, Ɗambatta:
Ba zai riƙe iska ba, Inna, zai baje a mai ya sha shi. Danƙon da ke kama kumfar yis a fulawa yake. Haka ma garin alkamar gida, ta Kadawa ko ta Haɗeja, tana da dusa a jikinta, ta fi nauyi. A fanke ko kek a haɗa ta rabi da rabi da fulawa, a ƙara ruwa cokali 2 zuwa 3, a bar kwaɓin ya huta minti 20 dusar ta sha. Zallarta a bar wa funkaso da alkubus.

Ummi, Jahun:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara rufin asiri. Ta ƙarshe: soyayyar shinkafa in an yi ta da shinkafar gida, me ya sa take caɓewa?

Malam Sani mai inji, Kura:
Ki tabbatar turarriya kika saya, ba ta tuwo ba. Sabuwar da aka girbe bana ma ta fi tsohuwa danƙo da saurin dahuwa, in da hali ki nemi ta bara.

Hajiya Asabe, Ringim:
A rege ta saboda tsakuwa, a wanke har ruwan ya daina fari, a tsane a rariya. Gwangwani 4 na shinkafa, ruwa gwangwani 6, in sabuwa ce 5 da rabi. A fara soya ta a mai cokali 4 kamar minti 3 kafin ruwan zafi ya shiga. Da ruwan ya tsotse a zare itace duka, a rufe ruf, ta ƙarasa a kan garwashi minti 15 ba juyawa. A baza ta a faranti ta sha iska. Karas da kabeji da albasa a soya su daban minti 3, su rage ƙaras-ƙaras ɗinsu, sannan a haɗa da shinkafar ludayi 3-3 a kasko mai faɗi. In aka juye tukunya guda a lokaci ɗaya, tururi ne zai kama ta ta sake caɓewa, ko da ta dahu wara-wara.